Tsarabar Masu Duban Ƙwari

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya kai ni, shi ne kuma ya komo da ni. Tun ranar da na dawo daga ƙasar Benin, wadda mu tsofaffi muka taso muna kira Dahome, zaurena bai rabu da masu tambaya ba. Wanda ya zo gaisuwa, kafin ya gama tambayar gajiya sai ya zarce da cewa, “Alhaji, wai da gaske ne layu ka ƙetara ka sayo wa masana?” Na amsa har bakina ya gaji. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne, abokin tafiyata Garba yana nan yana yawo da nasa labarin a bakin kasuwa, kullum kuma labarin sai ya ƙara tsawo. Saboda haka na ga ya kyautu in zauna in rubuta yadda al'amarin ya gudana, domin wanda yake son gaskiya ya samu inda zai same ta.

Ni dai tsohon shugaban makaranta ne. Da na ajiye alli, manoman fadamarmu ta Zagga suka ɗora mini shugabancin ƙungiyarsu, ba don na fi su iya riƙe fartanya ba, sai don sun san ba na jin nauyin tsayawa gaban kowa in yi magana. A 'yan shekarun nan wata masifa ta addabi albasarmu. Ganye ya kan yi fari-fari, ya kanannaɗe, ya bushe tun kan albasa bai cika ba, mu kuwa ba mu ganin abin da yake cin sa. A kan haka ne bara wasu masana ƙwari da cututtukan shuka suka ziyarce mu. Tawagar haɗin gwiwa ce, akwai 'yan ƙasarmu, akwai na Nijar, akwai na Benin. Jagoransu wani dattijo ne mai furfura, Farfesa Kojo, mataimakiyarsa kuwa Dakta Rahamatu, Badendiya mai jin Hausa kamar a garinmu aka yanke mata cibiya.

Da za su tafi, muka sallame su yadda iyayenmu suka koya mana sallamar baƙo mai daraja. Muka ba su buhun shinkafa, da kwandon albasa, da zabi, sa'an nan ni da kaina na ja farin rago na miƙa wa Farfesa igiyarsa. Suka yi godiya mai yawa, aka ɗauki hotuna. Bayan 'yan kwanaki wata hidima ta kai ni Bagudo, na bi ta gaban masaukin da suka sauka. Sai ga ragona ɗaure a gindin dalbejiya, Ɗanjuma maigadin masaukin yana ba shi dusa. Ashe doka ta hana a ƙetare iyaka da dabba mai rai ko amfanin gona ba tare da takardun lafiya ba, gudun yaɗa cuta, kuma irin waɗannan masana su ne ma masu bai wa hukuma shawarar kafa dokar. Suka rasa yadda za su yi, suka bar wa maigadi kome da kome.

Har yau ban yarda cewa rago kyautar banza ne ba. Amma labari ya bazu. A garuruwan maƙwabtanmu, Lafagu da Bahindi, in mutum ya yi wahalar da wani ya ci moriyarta, sai a ce ya yi ragon Zagga. Dattijo yana iya haƙuri da abubuwa da yawa, amma sunan garinsa ya zama abin dariya a bakin maƙwabta, wannan yana da ciwo.

Da labari ya zo cewa masanan za su komo kafin dashen rani, muka yi taro. Malam Isiyaku, malamin gonarmu, ya miƙe ya ce mutanen nan garuruwa da yawa suke zagayawa, kuma inda suka tuna can suke komawa. Ya ce a zamanin yau abin da ake yi shi ne a ba su ɗan ƙaramin abu mai sauƙin ɗauka, iri ɗaya ga kowa, a buga sunan ƙungiya a jiki. Na ce ban lamunta ba. Mutum ya yi kyauta kuma ya rubuta sunansa a kanta, mene ne wannan in ba gori ba? Na san mata suna yin haka a bokitan biki, amma ƙungiyar dattawa ba gidan biki ba ce. Kuma yaya za a ba Farfesa mai furfura abin da aka ba ɗalibinsa? Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe masu ra'ayin Malam Isiyaku suka rinjaye. Sai dai sun ce tun da ni ne mai tsantseni, ni zan je in zaɓo, a Malanbil ta ƙasar Benin, inda masu buga suna a jikin kaya suke da yawa. Na karɓa, na kuma ƙudura a raina cewa kome zan kawo, ba zai ƙare a hannun Ɗanjuma ba.

Aka haɗa ni da Garba, ɗan gwaggona, wato taubashina, wanda ya tsufa yana fataucin albasa a wannan hanya, yana jin Dendanci, yana kuma karya Faransanci yadda ya ga dama. Tun muna yara kowannenmu yake kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Da ya gan ni a tasha cikin farar babbar riga da rawani, sai ya riƙe baki.

Ya ce, “Bawana, naɗin sarauta za mu ko sayen kofi?”

Na ce, “Wanda zai wakilci gari ba ya fita kamar mai tallan albasa.”

Ya ce, “Mai tallan albasan nan shi zai yi ma magana can. In ka ɓata min rai in saishe ka ga jandarma, in ce ban san ka ba.”

Direba ya girmama ni da kujerar gaba, sai dai girmamawar rabi ce, domin mu biyu aka cusa a cikinta, ni da wani Bafillace mai komawa rugarsu wajen Kaoje. Mutum ne mai kunya da ladabi, duk tafiyar yana ba ni haƙuri a kan gwiwarsa da take sukar haƙarƙarina. Muka wuce Bagudo, muka haye kogin Kwara ta gadar Tuga, inda masunta suke ɗaga kifi sama suna kiran masu mota. Bayan Kaoje hanya ta fara nuna halinta. Sai da muka tsaya a Illo domin salla na tarar ashe tun daga Zagga ƙofar mota ta cije gefen rigata, ya yi ta sharar hanya. Garba ya duba, ya ce ba kome, aƙalla yanzu hukuma ta san wanda ya share mata titi.

A Lolo, bakin iyaka, jami'in da ya karɓi takarduna ya dube ni, ya sake dubana, sai ya miƙe tsaye ya cire hula. Ashe ɗalibina ne, na koyar da shi lissafi tun yana zubar da haƙora. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi. Na waiwaya na dubi Garba domin ya shaida. A ɗaya ɓangaren kuwa, wajen Madikali, babu wanda ya san ni. Jandarma ya nemi katin rigakafi, ya juya shi gaba da baya, sa'an nan ya tambayi abin da ya kawo mu. Garba ya yi dogon bayani da Dendanci, yana nuna ni, yana kuma kwatanta ƙaho da hannuwansa. Jandarman ya yi dariya har ya dafa tebur, ya buga mana hatimi.

Da muka fita na ce, “Me ka faɗa masa?”

Ya ce, “Gaskiya ɗai na hwaɗi. Cewa na yi kai ne mai ragon.”

Daga nan muka hau babura. A nan na fara ganin bambanci, domin 'yan kabu-kabunsu suna sanye da riguna iri ɗaya masu lamba a baya, ta yadda in wani ya yi maka ba daidai ba ka san wanda za ka kai ƙara. Na naɗe babbar rigata na ɗora bisa cinya, na riƙe rawani da hannu guda, na yi ta salati har Malanbil.

Mun sauka a zango, gidan Alhaji Mudi, mai masaukin fataken albasa. Hausa ake yi a gidan, amma Hausa ce wadda ta sha ruwan Dendanci da Faransanci, sai ka kasa kunne sosai. Aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki akwai wasu jajayen yanka da na ɗauka nama ne. Da na tauna sai na ji laushi da ɗanɗanon nono. Alhaji Mudi ya ce wagashi ne, cukun Fulanin ƙasar, wanda ake rina bayansa da karan dafi. Na yi mamakin yadda Fulaninmu da nasu dangi ne, shanun iri ɗaya, amma namu sun tsaya ga fura da man shanu. Da safe kuma, maimakon koko da ƙosai, sai aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya, da gahawar da suke kira kafe a cikin kwano. Garba yana tsoma nasa yana zuƙa kamar a nan aka haife shi. Ni na ci don ladabi, haƙorana kuwa sun yi ƙorafi.

Muka shiga kasuwa muka nufi shagon wani mutumin kudu mai fara'a da ake kira Selestin, wanda sana'arsa ke nan buga suna a jikin kaya. Ya baje mana hajarsa: huluna masu baki irin na 'yan ƙwallo, riguna marasa wuya, kofunan tangaran, alƙaluman biro, maratayan makulli, jakunkunan yadi, har da laima. Ya ce duk mai shirya taron masana wurinsa yake zuwa. Ya ɗora mini hular 'yan ƙwallo bisa rawani domin in ga yadda take, Garba ya roƙe shi ya bar ta haka har a ɗauki hoto. Muna cikin ciniki rana ta take tsaka, sai Selestin ya dubi agogo, ya ba mu haƙuri, ya fara jawo ƙofa. A ƙasar nan in rana ta raba, ofis da manyan shaguna rufewa suke, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya miƙe ƙafa, sai ta yi sanyi a komo. A wurinmu ɗan kasuwa ba ya barin mai saye tsaye ko da gobara ake yi a gidansa. Na fara jin haushi, daga baya na ga rufewar ta yi mini rana, domin ta ba ni damar tunani.

Na ce wa Garba ba zan sayi kome ba sai na ga mutanen nan a gidansu. Duk shekarun da na yi ina raba kyautar ƙarshen zango, ban taɓa saya wa yaro abu ba sai na lura da shi, na san abin da ya rasa. Tashar binciken masanan kuwa ba ta da nisa da gari, kuma Dakta Rahamatu ta taɓa cewa in Allah ya kawo mu kada mu wuce ba mu leƙo ba.

Ta tarbe mu da murna, ta rusuna ta ce, “Baba, sannu da hanya. Ina mutanen Zagga? Ina albasa?”

Na ce albasa tana nan tana jiransu. Ta zagaya da mu ɗakunan aikinsu, ni kuwa idona ba a kan na'urori yake ba. A kan kanta na ga jerin kofunan tangaran irin na shagon Selestin, kowanne da sunan wani taro, wani cike da ƙasa, wani da matattun ƙwari. A tsakar gida direba yana goge mota da riga mai rubutu. Da muka fita gona, mutum-mutumin da aka kafa don korar tsuntsaye yana sanye da hular 'yan ƙwallo, sunan wata ƙungiya ɓaro-ɓaro a goshinsa. Garba ya zungure ni ya ce, “Ga inda sunan Zagga za shi zamna. Gara ma Ɗanjuma, shi ko dusa ya ba ragon.”

Ban ɓoye wa Dakta abin da ya kawo ni ba. Na ce, “'Yata, ki gaya mini tsakani da Allah. In an ba ku irin waɗannan abubuwa, wanne kuke riƙewa?”

Ta yi murmushi ta ce, “Baba, kowa ya ba mu muna godiya, ba mu raina kyauta. Amma kofi ya kan fashe a jaka, riga sau da yawa ba ta yi wa mutum daidai, biro kuwa akwai aljihun tebur cike da su, rabi sun bushe. Abin da yake zama tare da mutum shi ne wanda hannunsa yake nema kullum wajen aiki, marar nauyi, wanda kuma ba a riga an ba shi irinsa sau biyar ba.”

Na ce, “To mene ne shi?”

Ta ce, “Wallahi da na sani da na faɗa maka. Mu ma in za mu shirya taro kofi muke bugawa.”

Muka iske Farfesa Kojo a cikin fagen albasa tare da ɗalibansa. Bayan gaisuwa suka koma ga aikinsu, na tsaya ina kallo. Sai na ga wani abu da ban lura da shi ba lokacin da suka zo garinmu. Kowannensu in ya durƙusa gaban shuka, sai ya sa hannu cikin wuyan riga ya zaro wani ɗan abu da yake rataye a ƙirjinsa, ya kai shi ga ido. Na raɗa wa Garba cewa ashe masana ma suna ɗaura laya. Dakta ta ji, ta yi dariya, ta cire nata ta miƙo mini. Ɗan gilashi ne mai ƙara girman abu, faɗinsa bai wuce kwabo ba, yana naɗewa cikin gidan ƙarfe. Ta ɓare ganyen albasa, ta nuna mini yadda zan matso da shi.

Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. A cikin maƙogwaron ganyen, inda idona yake ganin ƙura kawai, sai ga wasu halittu masu launin rawaya, da ƙafafu, da gashin baki, suna kai da kawowa kamar awaki a kasuwa. Waɗannan ne suke tsotse albasarmu. Shekaru muna zargin iska, muna zargin taki, wasu har suna zargin maƙwabta, ashe ga mai laifin nan yana kiwo a gabanmu. Na daɗe a durƙushe, farar rigata cikin laka, ban damu ba. Sai da Garba ya ce in ba shi shi ma ya ga dangin nawa.

Da na miƙe sai na duba abin da aka rataya gilashin da shi. Igiyar takalmi ce. Na dubi na ɗaliban, duk haka, wani baƙa, wani fara da ta koma ruwan ƙasa saboda gumi. Na Farfesa ma igiyar takalmi ce, ta tsinke an ƙulla. Na ga kuma shi a kan riga ya bar gilashinsa, ba a ciki ba, na tambayi dalili. Dakta ta fassara mini cewa in rana ta yi zafi ƙarfen yana ƙona ƙirji, ga shi kuma ƙusar maɗaurin ta kan saki, gilashin ya buɗe da kansa, yashi ya karce shi. Raina ya sosu. Ga mutum mai ilimi da shekaru, ga abin da yake gani da shi, wanda ya fi masa kome amfani, amma an rataye shi da abin da ake ɗaure ƙafa. A ƙasarmu ko wuƙar yankan farce tana da kube.

Nan take abin ya faɗo mini. Amma na riga na ƙone sau ɗaya, saboda haka na ce wa Dakta ta tambayi Farfesa, shin fatar da aka jeme, aka rina, aka ɗinka, ita ma doka ta hana ta ƙetare iyaka? Farfesa ya ce a'a, ai ga takalminsa da ɗamararsa. Sa'an nan ya gane inda tambayar ta fito. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi magana mai tsawo. Dakta ta ce yana cewa shi ma ɗan ƙauye ne, ya san nauyin a ba ka rago, kuma tun daga ranar abin yana damunsa, har ya rasa da wane ido zai dube ni. Ya zaro waya ya nuna mini hoton ragon, bai share ba. Na ce a gaya masa ya wuce. Na roƙi aron wani tsohon gilashi da ya fashe, ban faɗi abin da zan yi da shi ba.

Alhaji Mudi ya kai mu wurin wani baduku a cikin zango, Malam Sani, wanda ya ce kakanninsa daga Argungu suka zo. Na ajiye gilashin a gabansa na ce ina son a yi masa kube na jar fatar akuya, mai laushi a ciki, da marufi mai maɓalli, da maratayi na kitsattsiyar fata irin wadda gumi ba ya ci. A ɗaure gilashin a jikin maratayin, ta yadda in an zaro shi ba zai faɗi ba. Ya juya shi a hannu, ya yanka, ya ɗinka na gwaji muna zaune. Da na rataya shi a wuya, Garba ya ce yanzu na zama cikakken boka.

Saura maganar suna. Garba ya kira Malam Isiyaku a waya, ya kuma ƙara wa maganar gishiri. Malam Isiyaku ya ce, “Alhaji, don Allah, in babu suna ai ba mu yi kome ba. Taro ya yanke.” Na ce na ji. Ina zaune ina juya wata 'yar jakar kuɗi ta fata, alabe, daga cikin kayan Malam Sani, raina a jagule, sai na ɗaga marufinta na ga wani ɗan zane a ciki. Na tambaya, ya ce alamar gidansu ce, a nan dukawa suke sa ta, inda mai kaya kaɗai yake gani. Na ce to alhamdu lillahi. A sa sunan ƙungiyarmu da na garinmu a ƙarƙashin marufi. Wanda ya kalli ƙirjin Farfesa ba zai ga gori ba, kyakkyawan kube zai gani. Shi kuwa Farfesa, duk sanda ya buɗe zai duba ƙwaro, sai ya ga Zagga. Muka koma wurin Selestin, wanda ya yi baƙin cikin rasa cinikin kofuna, amma ya samo mana hatimin ƙarfe mai sunan, aka riƙa buga shi a fatar. Na kuma ja Malam Sani gefe na ce guda ɗaya, na Farfesa, a yi masa tuntu. Taro ya ce iri ɗaya ga kowa, amma taro bai hana tuntu ba.

Muka zauna a zango har aikin ya kammala, ina cin wagashi, har na fara sabawa da burodin. A hanyar komowa, a Lolo, wani jami'in kwastan ya buɗe jakata ya ga jajayen kube jere da maratayansu. Ya ja da baya ya ce, “Baba, yaƙi za ku?” Mutane suka taru. Garba, maimakon ya taimaka, sai ya ce shi dai ɗan rakiya ne, bai san mi aka tofa a ciki ba. Sai da tsohon ɗalibina ya zo, na zaro fasasshen gilashin da na sa a kube, na ba jami'in ya duba bayan hannunsa da shi. Ya ga gashinsa kamar karan dawa, ya yi salati, ya sallame mu. Daga nan ne labarin layu ya samo asali, kuma kun san wanda ya kai shi kasuwa.

Masanan suka zo kamar yadda suka alkawarta. Bayan an gama zagayen fadama, aka taru a ƙarƙashin mangwaro, na miƙe na yi jawabi gajere, na miƙa wa kowa nasa. Malam Isiyaku yana gefe yana leƙen inda sunan yake. Suka yi godiya, suka sa a jaka. Bara ma sun yi godiya, saboda haka godiyar ba ta kwantar mini da hankali ba. Farfesa ya shafa tuntun, ya dube ni, ya ɗaga marufin ya karanta, ya yi murmushi. Suka shiga mota suka koma masaukinsu na Bagudo.

Washegari da hantsi, bayan na tabbata sun kama hanya, na sa rigata na tafi Bagudo ni kaɗai, ban gaya wa Garba ba. Na tarar da Ɗanjuma a gindin dalbejiyar nan, zaune bisa benci, babu walwala a fuskarsa. Muka gaisa. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi iyali, na tambayi aiki, sa'an nan na daure na ce, “Ɗanjuma, baƙin nan sun bar wani abu?”

Ya ce, “Alhaji, bana kam kun cuce ni. Tun jiya nike gyaran turke.”

Na ce, “Ba su bar kome ba?”

Ya ce, “Sun bari. Ɗaki-ɗaki na bi na tattara, ban san mi zan yi da su ba.”

Ya sa hannu a aljihu ya zaro, ya ajiye mini a kan benci. Igiyoyin takalmi ne, baƙaƙe da farare, duk sun sha gumi, ɗaya a cikinsu ta tsinke an ƙulla.

Na roƙe shi ya bar mini mai ƙullin. Tana nan rataye a ƙusa cikin zaurena, duk mai shakkar wannan labari ya zo ya gani.